Fic ɗina ya zube cikin garwashi, ina na yi kuskure?

Amaryar Bana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da warhaka. Don Allah ku cece ni. Jiya na ce bari in yi bajinta, na raba fic, 'ya'yan itacen nan da Turawa ke cewa peach, guda shida gida biyu-biyu, na barbaɗe su da sukari da kirfa, na jera a kan wayar gashi bayan an sauke kaza. Ko minti uku ba a yi ba na ji ƙauri. Na zo juyawa, wani ya manne wa wayar, wani ya sulale ta tsakanin ƙarafan ya faɗa garwashi, ba ka jin komai sai "cuuu" da hayaƙi. Cikin ɓari goma sha biyu, huɗu na tsira da su, su ma waje baƙi ƙirin, ciki ruwa tsululu. Maigidan ya ci ɗaya ya ce "ba laifi", ni kuwa na san irin wannan ba laifin. Akwai sauran fic takwas da danginsa filam (plum) da ɗan afirikot (apricot), ba na so su bi sahun 'yan'uwansu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin kowa ya ce komai, gaya mini, da kika danna su da yatsa kafin ki yanka, yaya kika ji su?

Amaryar Bana: Hajiya sun nuna luguf. Da gangan ma na tsince waɗanda suka fi laushi, a zatona su za su fi zaƙi.

Hajiya Babba: To ai nan gizo ke saƙar. Wanda ya yi luguf na ci ne haka nan, ruwa na bin hannu har gwiwa, ko kuma na obin. Na waya shi ne wanda ƙamshinsa ya fito amma da sauran ƙarfinsa: ki danna kusa da inda aka tsinko shi, ya ɗan lotsa kaɗan ya tsaya. Wuta laushi take ƙara wa abu. In kin ba ta wanda ya riga ya gama laushi, me kike so ta yi da shi in ba ta narkar ba?

Ɗan Gashi: Hajiya ta faɗi babba, bari in ƙara ƙanana. Ƙanwata, sukarin nan shi ya jawo miki baƙin. Ba a sa shi kafin gashi. Sannan kin ce bayan kaza kika ɗora, ina kyautata zaton ba ki kankare wayar ba. Duk wani guntun fata da kayan yaji da ya bushe a jikin ƙarfe, ƙugiya ce da za ta riƙe 'ya'yan itacen. Ni yadda nake yi, sai na goge wayar tas tana da zafi, in shafa ɗan man girki a fuskar fic ɗin da aka yanka, ba a jikin wayar kaɗai ba. Garwashin kuma ya zama ya yi farar toka, ba harshen wuta. Ki ɗaga tafin hannu kamar taƙi ɗaya sama da wayar, in kin iya jure daƙiƙa huɗu zuwa biyar, ya yi. Ki kifa su, fuskar yankan a ƙasa, ki tafi ki nemi wani aikin. Minti uku zuwa huɗu kar ki taɓa. In ya yi, da kansa yake sakin ƙarfen. In kin ɗaga kin ji yana riƙewa, bai shirya ba, ba shi wani minti. Da kin juya shi ya zauna kan ɓawonsa, ki zuba ido a ramin da ƙwallon ya fita, za ki ga ruwa ya taru a ciki yana ɗan tsuwa. A nan ake ɗiga zuma, ba kafin nan ba.

Anti Mai Kek: Ni fa ku yi haƙuri, gasa fic a waya na ɗaukar hoto ne. Zanen nan na baƙi-baƙi ya yi kyau a ido, shi ke nan. Duk ruwan da shi ne daɗin abin yana ɗiga cikin toka. Amarya, kunna obin ɗinki a digiri 200 na ma'aunin Celsius, jera su a faranti mai ɗan zurfi, fuskar a sama, ɗan bota kamar ƙwayar wake a kowane rami, sukari cokalin shayi ɗaya, minti 20 zuwa 25. Abin da zai taru a ƙasan farantin nan, in kika zuba shi a kan yogot, sai kin manta da wata waya.

Ɗan Gashi: Anti da girmanki! Hoto fa kika ce. Ƙamshin hayaƙin fa, obin zai ba ki shi? Kuma ana tsakiyar zafi, wa zai kunna obin rabin awa ya mayar da kicin gidan wanka alhali ga garwashi can a waje yana mutuwa a banza?

Anti Mai Kek: Ƙanina, hayaƙin minti shida ne zai shiga fic? Abin da kake kira ƙamshin hayaƙi kitsen kazarka ne da ya ɗiga a gawayi.

Ɗan Gashi: Ko ma na mene ne, yana da daɗi.

Baƙon Zaure: Ku gafarce ni, sabon shiga ne. Waɗannan da kuke ta lissafawa, fic, filam, afirikot, me ya haɗa su ne ake maganarsu tare?

Malamin Kimiyya: Barka da zuwa Malam. Dangi ɗaya ne, masana tsirrai na kiran gidan nasu Prunus: fic, nektarin, filam, afirikot wanda Larabawa ke cewa mishmish, da ceri. Almon ma ɗan gidan ne, sai dai shi abin da ke cikin ƙwallon ake ci. Kowannensu tsoka ce a waje, ƙwallo ɗaya mai tauri a tsakiya. Nektarin ma ba wani iri ne daban ba, fic ne wanda bai fito da gashin nan na jikin ɓawo ba. Asalin fic daga Sin yake, kuma har gobe Sin ce ke noma fiye da rabin na duniya, amma da yake ta ƙasar Farisa ya isa Turai, sai sunansa na kimiyya ya zama persica. A arewacin duniya kakarsu daga wajen Mayu zuwa Satumba ce, a kudanci irin su Afirka ta Kudu da Cile kuwa daga Nuwamba zuwa Maris.

Maganar sukari kuma, Ɗan Gashi yana da gaskiya, ga dalili. Sukarin da ke cikin 'ya'yan itace akwai wanda ake kira furuktos, yana fara yin ja tun wajen digiri 110. Sukarin da muke barbaɗawa sai wajen 160. Waya a kan garwashi mai rai kuwa tana wuce 250 ba wuya. Ke nan tsakanin ja mai daɗi da baƙi mai ɗaci 'yan daƙiƙoƙi ne. Ga kirfa kuma gari ce busasshiya, ita ce ma farkon ƙonewa. Ƙari a kan haka, sukari yana jawo ruwa daga cikin tsokar zuwa waje, fuskar ta jiƙe, maimakon ta gasu sai ta dahu.

Anti Mai Kek: To kun ji, ke nan a obin sukarina bai yi laifi ba.

Malamin Kimiyya: Bai yi ba Anti. A obin ruwan da ya jawo ɗin ake so, tunda akwai faranti a ƙasa.

Maman 'Yan Biyu: Ni tawa matsalar tun kafin a kai ga wuta ce. Kuna ta cewa a raba biyu a cire ƙwallo kamar abin wasa. Ni na zagaya da wuƙa, na murɗa, ƙwallon ya ce bai san zance ba. Na murɗa da ƙarfi, fic ɗin ya matse a hannuna, ruwa har a ido. Yaran suna tsaye suna dariya.

Hajiya Babba: Ba hannunki ba ne Maman Biyu, iri ne. Akwai mai sakin ƙwallo, akwai mai riƙe ƙwallo. Na farkon kaka galibi masu riƙewa ne, masu sakin sai kaka ta yi nisa. A ido ba ki iya bambancewa, sai kin yanka ɗaya. In kin dace da mai saki, bi layin nan da ke jikinsa da wuƙa har ki zagayo, murɗa ɗaya ya buɗe. In mai riƙewa ne kar ki yi kokawa da shi. Tsayar da shi, ki yanko gefe da gefe kusa da ƙwallon, ki sami fala-falai biyu masu faɗi, sauran ki yanka ƙanana ki jera a tsinke. Abin da ya rage a jikin ƙwallon kuwa rabon mai girki ne.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ƙara girma Hajiya. Sai ɗaya kuma. Wani lokaci in sayo su jawur gwanin sha'awa, in sa a firji, bayan kwana biyar in yanka, ba ruwa ba ɗanɗano, kamar ana tauna auduga. Shi ma obin zai gyara?

Malamin Kimiyya: Wannan sanyi ne ya lahanta shi. Fic da nektarin da ba su gama nuna ba, in suka daɗe a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda shi ne sanyin yawancin firjin gida, sai tsokar ta lalace, ruwan ya ɗaure a ciki ya ƙi fita. Wani lokacin ma tun a hanya ko a ma'ajiya abin ya same shi kafin ya zo hannunki. A bar su a waje su nuna tukuna. In ana gaggawa a sa su a jakar takarda da ayaba ɗaya, iskar etilin da suke fitarwa ita ke hanzarta nuna. Bayan sun nuna, kwana biyu ko uku a firji ba komai. Jan ɓawo kuma ba shi ne alamar nuna ba, wannan gefen da rana ta buga ne. A duba launin da ke ƙarƙashin jan, in da sauran kore, an tsinke shi da wuri. Ceri ne kawai ba ruwansa da wannan, ba ya ƙara nuna bayan an tsinka, shi kai tsaye firji.

Anti Mai Kek: Gaskiya tsakani da Allah, duk son da nake wa obin, mai audugar nan ba ya gyaruwa. Na gwada. Ya fito auduga mai zafi. Amma wanda yake da tauri kawai, bai gama nuna ba, wannan obin na taimakonsa sosai. Ƙara masa minti goma, ɗan ruwa cokali biyu a ƙasan faranti, rufe da foyil a rabin farko.

Ɗan Gashi: A nan kam ban yarda ba. Abin da bai da zaƙi a bishiya ba zai samo shi a obin ba. Sukarinki da botarki kike ci Anti, fic ɗin ɗan rakiya ne.

Malamin Kimiyya: Kowannenku ya riƙe rabi. Fic ba ya tara sitaci mai yawa irin na ayaba da zai juye ya zama sukari bayan tsinka, saboda haka zaƙin da ya sauko da shi daga bishiya kusan shi ke nan. Amma zafi yana ƙafar da ruwa, ɗan zaƙin da ke akwai ya taru wuri ɗaya. Ba ƙari aka yi ba, raguwar ruwa ce. Sai dai tsamin ma haka yake taruwa.

Hajiya Babba: Yauwa, Malam ka tuna mini. Amarya, afirikot ɗin nan naki ki yi hattara da shi. Ɗanyensa za ki ji shi salam, ba zaƙi can ba tsami can, amma da ya ji wuta tsaminsa ke tashi, sai ya ninka sukarin da fic ke ci. Filam ma haka, tsaminsa a ɓawo yake. Kar ki feƙe shi dai, don ɓawon ne ke ba da launin nan ja mai duhu da ke rina romon gaba ɗaya. Afirikot kuma ƙarami ne, minti 15 ya ishe shi a obin, a waya kuwa minti biyu, in kin ƙyafta ido ya zama miya.

Anti Mai Kek: Tunda filam ya shigo, bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Shekarun baya na yi wa baƙi kirambul, abin nan na mutanen Ingila da ake zuba 'ya'yan itace a ƙasa a rufe da dambun fulawa da bota. Na yanka filam kusan kilo ɗaya, na zuba sukari, na rufe, na sa a obin. Saman ya yi ja da minti 25, na ce ya yi, na fitar. Da na sa cokali a gaban mutane, sai ga saman yana iyo kamar kwale-kwale, ƙasa ruwa ne ja zalla. Wata baƙuwa ta ce, "A kofi za a zuba mana?" Ban sa sitaci ba, kuma ban jira ya tafasa ba. Yanzu kilo ɗaya na filam ina sa masa garin sitacin masara cokali biyu manya, fic cokali ɗaya da rabi, in juya su tare da sukari da ɗan gishiri da ruwan lemon tsami. Saman kuma fulawa giram 150, bota mai sanyi giram 100, sukari giram 75, in murje da yatsu har ya yi tsaki-tsaki, kar a cuɗa shi ya zama ƙulli. Digiri 180, minti 40 zuwa 45. Ba launin saman nake kallo ba, gefen farantin nake kallo. Sai na ga romon yana ɓulɓulowa da kauri, kumfar na fashewa a hankali, sannan na san sitacin ya kama. In saman ya riga yin ja, yafa masa foyil. A bar shi ya huta minti 20 kafin a taɓa. Kuma a sa tire a ƙarƙashi, don filam ba ya zama inda aka ajiye shi.

Maman 'Yan Biyu: "A kofi za a zuba mana" ta kashe ni wallahi. Anti wane irin faranti?

Anti Mai Kek: Na tangaran ko na gilas mai jure zafi. Kar ki sa a na alminiyom tsirara, tsamin yana cinsa, sai ki ji ɗanɗanon ƙarfe, launin ma ya dushe.

Kawu Mai Barkono: Ina ta karantawa tun ɗazu, kowa zuma, kowa sukari, kamar an ce 'ya'yan nan ba su da aiki sai kayan zaƙi. Ni da gishiri nake cin nawa. Nektarin a gasa shi yadda yaron nan Ɗan Gashi ya ce, a yanka, a watsa gishiri da barkono da albasa da na'a-na'a, a matse lemon tsami, a ajiye kusa da gasasshiyar kaza ko naman rago. Tsamin yana yanke maiƙo. Mutanen Jojiya, ƙasar nan ta yankin Kokesos, suna da wani miyan tsoma nama da suke kira tkemali, da filam mai tsami ake yi da tafarnuwa da ganyaye, ba sukari ne jigonsa ba. Filam ɗin da kuke kuka da tsaminsa, can nemansa ake yi.

Ɗan Gashi: Kawu ka biya ni. Nektarin ma ya fi fic sauƙi a waya, ba gashin da zai babbake. In fic ne kuma a ɗauki mai tsoka rawaya, farin ya cika laushi kuma ba shi da tsamin da zai tsaya wa nama.

Baƙon Zaure: Ceri fa? Shi ai ramin waya zai bi.

Ɗan Gashi: Ɗora kasko a kan wayar, ko ka naɗe su a foyil ka huda sama. Minti biyar zuwa bakwai sun fashe.

Anti Mai Kek: Ceri na obin ne, kar ka wahalar da kanka. Faransawan yankin Limuzan suna da kilafuti: a shafe faranti da bota, a zuba baƙin ceri, a kwarara ƙullin ƙwai da madara da fulawa da sukari mai ruwa-ruwa, a gasa a 180 kamar minti 35 zuwa 40 har ya kumbura. Da ya fito zai saɓe, haka yake, ba lalacewa ya yi ba. A al'adarsu ma ba sa cire ƙwallon, wai yana ba da ƙamshin almon.

Maman 'Yan Biyu: Anti tsaya. Ba an ce ƙwallon nan guba ba ne? Ni da yara a gida.

Malamin Kimiyya: Tambaya mai kyau. Abin da ke cikin ƙwallon, wato ɗan ƙwayar da ke kama da almon in an fasa, yana ɗauke da wani sinadari amigdalin. In aka tauna ko aka niƙa, jiki na juya shi ya fitar da sayanayid, guba ce ta gaske. Shi ne kuma tushen ƙamshin almon ɗin da Anti ta ambata. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2016 cewa babba in ya ci fiye da ƙananan ƙwayoyin afirikot uku ɗanye a zama ɗaya zai iya wuce iyakar da ba ta cutarwa, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ta yi masa yawa. Ƙwallon da ba a fasa ba, aka gasa da shi aka tofar, ba shi ne abin tsoron ba. Kar dai a fasa, kar a jefa su a injin markaɗe. A gidan yara kuma ni cirewa zan ce a yi, ko don shaƙewa da karyewar haƙori.

Hajiya Babba: Cire shi ba wuya. Ɗora cerin a bakin kwalba, ki tura tsinke mai kauri ta sama, ƙwallon ya faɗa ciki. Ki dai sa tsohuwar riga, jansa ba ya fita da daɗi.

Amaryar Bana: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Na zauna na danna su ɗaya bayan ɗaya yadda Hajiya ta ce. Uku masu ƙarfi na kai waya, biyar masu laushi da afirikot na kai obin. Yaya Ɗan Gashi, na kankare wayar, na shafa mai, na kifa, na koma gefe na riƙe hannuna ta baya don kar in taɓa. Minti huɗu na ɗaga da cokali mai faɗi, ya taso salin-alin da zanensa. Ɗaya ne kawai ya ɗan manne, shi ma na gefen da wuta ba ta kai ba ne. Na Anti kuma romon ya yi kauri, afirikot ɗin dai ya yi tsami duk da na ƙara sukari, sai da na bi shi da zuma. Maigidan bai ce "ba laifi" ba, cewa ya yi akwai saura?

Ɗan Gashi: Wanne ya nema ƙari, na waya ko na obin? Faɗi tsakaninki da Allah.

Amaryar Bana: Haɗa su ya yi a kwano ɗaya, ya zuba romon obin a kan na wayar.

Anti Mai Kek: Romon wa? A maimaita don na baya su ji.

Amaryar Bana: Anti kafin ki yi murna, filam ɗin na yi kirambul da su kuma na manta tiren da kika ce a sa a ƙasa. Ya yi ambaliya ya ƙone a gindin obin, ya bushe kamar kwalta. Da me ake fitar da shi?

Hajiya Babba: Bari ya huce sarai. Kwaɓa bekin soda, wato sodar yin kek, da ɗan ruwa ya yi kauri, shafe wurin, ki bar shi ya kwana. Da safe ki bi da tsumma mai ɗumi, inda ya ƙi ki kankare da cokalin katako, ban da wuƙa.